Siliki, nailan, waya ko zaren fatsa: da wanne za ki sake shirya lu'ulu'unki a zafin Damagaram?

Shekara biyu da suka wuce, a wani biki a cikin Birni, na karɓi goyon wata maƙwabciya don ta samu ta ci abinci. Yarinyar ba ta fi wata takwas ba. Ta kai hannu wuyana, ta damƙi sarƙar lu'ulu'un da Hajiyarmu ta zo da ita daga Makka, ta fizga sau ɗaya. Ko ƙara ban ji ba, sai sanyin ƙwayoyi suna gangarawa cikin rigata, suna zuba a yashin tsakar gida. Ƙwaya 58 ne a jiki. Muka sa yara da rariya suna tankaɗe yashi har aka kira magariba, muka tsinto 51. Sauran bakwai takalman ƴan biki sun binne su.

Ban ga laifin yarinyar ba. Watanni kaɗan kafin nan na kai sarƙar wajen wani mai kayan ƙyale-ƙyale saboda zaren ya yi baƙi, ya zura mini ita a zaren fatsa cikin minti goma, na biya ina ta godiya don ya yi araha. Tun daga ranar da ta tsinke na zauna na koyi aikin, na gwada zare iri-iri a kan nawa da na ƴan'uwa. In kema taki sarƙar ta saki, ko ta tsinke kin tara ƙwayoyin a kofi kina tunanin inda za ki nufa, ga abin da zan gaya miki da a gabana kike.

Tukuna, me ke hannunki?

Hausa tana kiran daimon ma lu'ulu'u, shi ya sa wasu ke zaton dutse ne mai tauri. Wanda muke magana a kansa shi ne na ruwa, wanda aka ambata tare da murjani a Suratur Rahman. Wata halitta ce dangin kawa take gina shi a cikin ɓawonta, shimfiɗa bisa shimfiɗa, da sinadari iri ɗaya da na ɓawon ƙwai da alli. A ma'aunin tauri na Mohs, mai hawa daga 1 zuwa 10, daimon yana kan 10, yashi yana kan 7, lu'ulu'u kuwa tsakanin 2.5 da 4.5 yake. Ke nan ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan madubinki ta fi shi tauri, kuma tana iya karce shi.

Iri uku ne ke yawo a akwatunanmu. Akwai na kiwon ruwan daɗi, wanda akasarinsa daga Sin yake fitowa, inda garin Zhuji ya zama babbar kasuwarsa. Ƙwayoyinsa ba su cika zama daidai da juna ba, wani kamar shinkafa, wani kamar ɗan dankali, kuma kusan duk jikinsa sheƙi ne har ciki. Akwai na kiwon teku irin na Japan, sana'ar da Kokichi Mikimoto ya fara cin nasararta a 1893. Wannan irin shi ne kewayayye sumul mai tsada, amma cikinsa ƙwallon ɓawo ne, sheƙin kuwa siririyar riga ce a bisa, wadda ke iya ɓantarewa a bakin huji. Sai na kwaikwayo, gilashi ko roba da aka shafa wa fenti mai ƙyalli.

Ki goga ƙwaya ɗaya a hankali a gefen haƙorinki na gaba. Na gaske za ki ji shi da ɗan gurza-gurza kamar garin yashi, na kwaikwayo kuwa santsi zai yi. Ki kuma duba bakin hujin a cikin haske: in fenti ya tattaru ko ya ɗaye a wurin, kin san amsa. Wannan gwajin shi zai gaya miki nawa ya kamata ki kashe, don babu dalilin aika sarƙar roba Kano, kamar yadda babu dalilin rataya gadon uwa a zaren roba.

Abin da nake aunawa

Abu huɗu ne. Kuɗi, wato na zare da na aiki da na nemo zaren, tunda wani ba a samunsa a nan sai an yo aike. Ƙarko, amma ƙarko a garinmu, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wuya na zufa tun hantsi, ga humra ga hayaƙin turaren wuta. Sauƙin aiki, ko za ki iya da hannunki ko sai an nemi gwani. Na huɗu shi ne haɗari, kuma shi na fi ba nauyi: ran da zaren ya tsinke, don kowane zare yana da ranarsa, ƙwaya nawa za su faɗi? Kafin ranar kuma, zaren yana cin ƙwayoyin ta ciki ko yana kare su?

Amsar wannan ta huɗun tana wajen ƙulli. Sarƙar da aka shirya yadda ya kamata tana da ɗan ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da ƴar'uwarta. Aikinsa biyu: yana hana su gugar juna a bakin huji, in kuma zare ya tsinke ƙwaya ɗaya ce ke faɗuwa, da ƙyar biyu. Wadda ba ta da ƙulli tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya. Saboda haka duk zaren da za a kawo miki, tambayar farko ita ce ko yana karɓar ƙulli ya riƙe.

Siliki

Shi ne zaren asali na wannan aiki, kuma har yau babu wanda ya kai shi kyan kwanciya a wuya. Yana da laushi, ƙullinsa ƙarami ne mai tsabta, ba ya zamewa, ba ya cin bakin huji. Wanda aka fi sani shi ne na kamfanin Griffin na Jamus, mai zuwa a naɗe a ɗan kwali, tsawon mita 2, da siririyar allurar waya a manne a bakinsa. Lamba 4 kaurinta milimita 0.60 ne, lamba 6 kuwa 0.70, su biyun nan ne suka fi dacewa da yawancin ƙwayoyi, tunda hujin lu'ulu'u bai cika kai milimita ɗaya ba. Kwali ɗaya yana isar sarƙa ɗaya mai santimita 45.

A kuɗi shi ne kan gaba, ba don kwalin kansa ba, sai don nemo shi. Sai kin ba mai zuwa Kano ko Yamai ko Dubai saƙo, kuma ki ba ta hoton kwalin da lambar, in ba haka ba wani abu za ta kawo miki. A nan ne ake yawan ruɗuwa. Zaren aikin hula da na wuyan riga da muke kira siliki a kasuwa, mafi yawansa ba silikin tsutsa ba ne, na masana'anta ne mai sheƙi, wanda ƙarfinsa ke raguwa da zarar ya jiƙe. Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Siliki na gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin dunƙule da ke murƙushewa a yatsa. Mai ci bal-bal da warin takarda, na aikin hula ne. Mai narkewa ya dunƙule ya yi tauri kamar roba, nailan ne ko danginsa.

Rauninsa shi ne yana sha. Zufa, man shafawa, hoda, humra, duk yana tsotsewa ya riƙe a cikin huji inda tsumma ba ya kaiwa. Fari ya koma ruwan ƙasa, ƙulli ya yi baƙi, zare ya miƙe har ki ga ƙwaya tana yawo tsakanin ƙulli biyu. Masu wannan sana'a suna ba da shawarar sake zare duk shekara ga mai sawa kullum, ko bayan shekara biyu zuwa uku ga mai sawa jefi-jefi. Ni dai a gwajina, wadda na sa a kai a kai tun daga bazara, kafin damina ta ƙare ƙullin bayan wuya ya canza launi. Ga mai fitowa da ita ranar salla da manyan bukukuwa kawai, wannan ba matsala ba ce.

Aikinsa yana son haƙuri. Sarƙa mai santimita 45 da ƙwayoyi masu milimita 7 tana ɗauke da ƙwaya wajen 60, ke nan ƙulli wajen 60, kowanne sai ya zauna daf da ƙwaya. Ƙullin siliki in ya ɗaure a inda ba a so, kwance shi wahala ne, sau da yawa sai an yanke an sake daga farko.

Nailan mai murɗi

Ina nufin zare mai sili-sili da aka murɗa ko aka kitsa, mai laushi kamar zaren ɗinki mai kauri, na nailan ko foliyesta. Griffin ɗin ma suna yin irinsa a kwali da allura, da lambobi iri ɗaya da na siliki, akwai kuma mai zuwa a ƙwarya wanda zai shirya sarƙoƙi da yawa. In an raba kuɗin ƙwarya a kan yawan aikin da za ta yi, ya fi siliki sauƙi nesa ba kusa ba.

A zafinmu shi ne ya fi jurewa cikin masu karɓar ƙulli. Ba ya shan zufa kamar siliki, ba ya ruɓewa, in ya yi datti ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da fargabar zai saki ba. Foliyesta ya ma fi nailan ƙin miƙewa. Abin da za ki rasa shi ne ɗan kyan nan na kwanciya: makon farko sarƙar takan ɗan tsaya ƙiƙam, tana lanƙwasa kamar ba ta saba da wuyan ba, sai ta sha sawa take sakin jiki. Ƙullinsa kuma yana da santsi, dole a ja shi sosai, na ƙarshe kuma a ninka shi. Wasu suna narka bakin zaren da wuta don kada ya warware. In za a yi haka, a ɗora allura a wuta a taɓa bakin zaren da ita, kada harshen wuta ya kusanci ƙwaya, don zafi yana ƙona sheƙin kuma ba ya dawowa.

Kada a kawo miki zaren baduku ko na mai gyaran takalmi a ce ai duk nailan ne. Ya yi kauri, kuma kakin da ke jikinsa yana kama ƙura ya mayar da kowane ƙulli baƙin ɗigo. Zaren keken tela shi kuma ya yi siriri, ko an ninka shi huɗu ƙullinsa shigewa yake cikin huji.

Da za a ce in zaɓi ɗaya ga yawancin matan garin nan, masu sa sarƙarsu zuwa suna da biki da barka da gaisuwa kusan kowane mako, wannan zan nuna.

Waya mai rigar roba

Siraran silin ƙarfe ne marar tsatsa, guda 7 ko 19 ko 49, aka murɗe su aka lulluɓe da nailan. Mai sili 49 ta fi laushi, ta fi tsada. Mai 7 ta fi araha, ta fi saurin karyewa a lanƙwasa. Ba a ƙulla ta. Ana zura ƙwayoyi, a zagayo da bakin ta cikin zoben maɓalli, a matse da ɗan bututun ƙarfe da hantsaki. Rabin awa ya isa, kuma ko yau kika fara za ki iya.

Ƙarfi kam tana da shi. Zufa da turare ba sa yi mata komai, goyo ma sai ya yi da gaske kafin ya tsinka ta. Amma wurin matsewar nan shi ne lagonta: in bai kamu da kyau ba wayar zamewa take, ƙwayoyi su bi ta gaba ɗaya. In ta lanƙwashe sau ɗaya a cikin jaka, alamar ba ta miƙewa, kuma nan za ta karye wata rana. Babban abin da ya sa ba na son ta ga lu'ulu'u mai daraja shi ne ƙwayoyin suna gugar juna kai tsaye, rigar robar kuma in ta sale ƙarfe ne zai riƙa cin bakin huji. Na kiwon teku mai siririn sheƙi shi ya fi cutuwa. Akwai ƙananan zobban roba da ake sawa tsakanin ƙwayoyi a madadin ƙulli, suna rage guga, amma ba sa tare ƙwaya in waya ta tsinke.

Inda take da amfani shi ne sarƙar da aka gauraya, lu'ulu'u da tsakiya ko azurfar maƙeran Buzaye ko duwatsu masu nauyi. Bakin hujin dutse da na ƙarfe yana da kaifi, yana yanka siliki cikin ɗan lokaci. Ko a nan ɗin, ki sa a raba lu'ulu'u da ƙarfe da ɗan zoben roba, don azurfa tana bar masa baƙin tabo a gefe.

Zaren fatsa da zaren roba

Su ne za a fara miƙo miki, don suna ko'ina kuma kusan kyauta ne. Zaren fatsa sili ɗaya ne, ba ya riƙe ƙaramin ƙulli, rana da zafi suna busar da shi ya yi gautsi ba tare da ya nuna alama ba. Siliki in zai mutu yana yin baƙi ya yi gashi-gashi, ya ba ki notis. Wannan kuwa yau lafiya lau, gobe kina tankaɗe yashi. Zaren roba mai talewa ya dace da abin hannu na yara da jigida, amma mai da turare da zafi suna cinye shi, nauyin sarƙa kuma yana ja masa har ya saki. Araha ba ta ado. Ga na kwaikwayo da kika saya don anko ɗaya, babu laifi.

| Zare | Kuɗi | Ƙarko a zafi da zufa | Sauƙin aiki | Ran da ya tsinke |
|---|---|---|---|---|
| Siliki da ƙulli | Mafi tsada, sai an yo aike | Matsakaici, yana shan zufa ya miƙe | Mai wuya | Ƙwaya ɗaya ko biyu |
| Nailan mai murɗi da ƙulli | Matsakaici | Mai kyau | Mai ɗan wuya, ƙulli na santsi | Ƙwaya ɗaya ko biyu |
| Waya mai rigar roba | Matsakaici, da kuɗin hantsaki | Mai kyau sosai, sai dai lanƙwasa | Mai sauƙi | Duka, kuma tana cin huji |
| Zaren fatsa | Kusan kyauta | Yana gautsi a ɓoye | Mai sauƙi | Duka |
| Zaren roba | Araha | Mafi rauni | Mafi sauƙi | Duka |

Hannun wa?

Zaɓen zare rabin magana ne. Mai shirya carbi da mai jigida sun iya zura ƙwaya fiye da ni da ke, kuma a kusa suke, a Kasuwar Dole ko a unguwa. Sai dai hannunsu ya saba da akasin abin da kike so. Carbi ana barin masa sarari don ƙwaya ta yi gudu a ƙarƙashin yatsa, lu'ulu'u kuwa so ake kada ya motsa ko kaɗan. In za ki ba su, ki je da zarenki, ki ce, “Malam, ƙulli nake so bayan kowace ƙwaya, a matse,” ki zauna ya yi biyar na farko a gabanki. Zai ce aikin ya yi yawa, gaskiyarsa ne, ki ƙara masa kuɗi. Maƙerin zinariya shi ne na gyaran maɓalli da zobensa, amma ba kowane maƙeri ne ya iya ƙulli ba, kuma teburinsa akwai wuta da ruwan wanke ƙarfe mai tsami, abokan gabar lu'ulu'u biyu. A cire maɓallin a ba shi shi kaɗai.

Aikawa Kano, mai nisan kilomita wajen 240, ko Yamai mai wajen 900, tana da ma'ana ga sarƙa mai tsada sosai, in kin san hannun da za ta faɗa. Kuɗin mota da canjin sefa zuwa naira da jiran makonni duk suna cikin lissafi, kuma zuwa da kai ya fi aike. Ko wa za ki ba, ki ƙirga ƙwayoyin a gabansa, ki shimfiɗa sarƙar kusa da ma'aunin tela ki ɗauki hoto da waya. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare ku duka. Ki kuma sani sarƙar da a da ba ta da ƙulli za ta dawo da ƙarin tsawon santimita 3 zuwa 5, wadda tsohon zarenta ya miƙe kuwa za ta dawo ta ɗan gajarce. Kada ki ce an sace ko an ƙara.

In da hannunki za ki yi, ki fara koyo a kan na roba. Ki shimfiɗa tawul a faranti mai baki, ki kashe fanka, ki kori yara. Ki yanke tsohon zare ƙulli bayan ƙulli, kina jera ƙwayoyin yadda suke, manya a tsakiya, ƙanana wajen maɓalli. Kada ki ja tsohon ƙulli ta cikin huji. Ki goge kowace ƙwaya da tsumma mai ɗan danshi, ki bar su su bushe. Sabon zaren ki warware shi duka, ki rataya masa wani abu mai ɗan nauyi ya kwana, don ya gama miƙewarsa kafin ya shiga sarƙa. Ki ware ƙwaya uku masu faɗin huji a kowane gefe, saboda a cikinsu zare zai bi sau biyu, zuwa maɓalli da dawowa. Inda zare ya zagaya zoben maɓalli ana sa masa wata ƴar waya naɗaɗɗiya kamar sifirin, siririya ƙwarai, don ƙarfe kada ya ci shi. Yawancin sarƙoƙi a nan suke tsinkewa, don haka ki sa a haɗo miki da ita cikin aike.

Ƙullin kansa haka yake: ki yi sako-sakon ƙulli, ki sa tsinin allura mai kauri a cikin da'irar, ki tura allurar har ta jingina da ƙwaya, ki ja zare a hankali ƙullin ya bi allurar ya sauka, sannan ki zare allura ki danna da farce. Ki turo ƙwaya ta gaba ki matsa ta a kansa. In ƙullin ya shige huji, zaren ya yi siriri, ki koma lamba ta gaba. In sarƙar ta yi ƙiƙam kamar sanda, kin matse fiye da kima. A ƙulli na ƙarshe a ɗiga gam kaɗan da bakin allura, amma ban da gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda ke bin zare ya sandarar da shi har ya karye, in ya taɓa ƙwaya kuma ya zauna ke nan. Ta farko da na yi ta ci mini yamma biyu da kwali biyu.

Abin da ke ƙara wa kowane zare kwana

Lu'ulu'u shi ne ƙarshen shiga, shi ne farkon fita. Ki gama shafa, ki gama hoda da humra, ki gama tsayuwa kan kasko, hayaƙi ya lafa, sannan ki ɗaura. Kada ki bar shi a jikin kayan da za a kifa a kabbasa. Duk abu mai tsami yana cin sa, lemun tsami, ruwan tsamiya, har zufar da ta kwana a jikinsa. Ruwan Javel, wato bilicin wanki, da mayukan ƙara hasken fata su ma ki nisanta su da shi. In kin dawo, ki goge shi da tsumma mai laushi mai ɗan danshi. A hunturu musamman kada ki murza shi a bushe, don ƙurar da ke kansa ita za ta zama sandar karce shi.

A kwance ake ajiye shi, cikin ƙyalle mai laushi, shi kaɗai. Rataya a ƙusa ko a kan madubi tana miƙar da zare. Haɗa shi da zinariya da ƴan kunne a gwangwani ɗaya tana karce shi. Akwai ɗan ruwa a jikin lu'ulu'u, shi ya sa ƙulle shi cikin leda a akwatin ƙarfe, a ɗakin kwano, shekara da shekaru, yake sa shi ya dushe ya yi rawaya, wani har ya tsattsage. Fito da shi a sa lokaci-lokaci ya fi masa. Ban da wanka da shi, ban da barci. Wajen alwala ma ki tura shi cikin riga, in siliki ne ya jiƙe kuma ki shimfiɗa shi ya bushe sarai kafin ki sake sawa.

Lokacin sake zare ya yi in kin ga ɗaya cikin ukun nan: ƙwaya tana motsi tsakanin ƙulli biyu, ƙulli ya yi baƙi ko ya yi gashi, ko sarƙar ta sauko ƙasa da inda ta saba tsayawa a ƙirjinki.

Wanne ne naki

In gado ne ko na lefe mai tsada, kewayayye irin na teku, wanda ba ya fita sai salla da babban biki, ki nemi siliki da ƙulli da hannun gwani, ko da za ki jira wata biyu kafin saƙo ya iso. Kafin nan ƙwayoyin su zauna a ƙulle cikin ƙyalle, kada ki ce bari a ɗan zura su a wani abu na wucin gadi.

In na ruwan daɗi ne, tsarabar Makka ko Dubai, kuma kina sa shi kusan kowane mako, nailan mai murɗi da ƙulli. Haka ma in kina da goyo ko jikoki masu kai hannu wuya, ko kina cikin masu zufa da yawa.

In sarƙar gauraye ce da tsakiya da azurfa da duwatsu masu nauyi, waya mai sili 49, da zobban roba a gefen kowane lu'ulu'u, a kuma matse kowane baki da bututu biyu maimakon ɗaya.

In na kwaikwayo ne mai kyau, irin gilashin nan mai nauyi da kike jin daɗinsa, shi ma ya cancanci nailan da ƙulli, don fentinsa a bakin huji yake fara ɗayewa in ƙwayoyi na gugar juna. In kuwa na roba ne na anko, ki ba mai jigida ya zura a abin da ya samu.

Ta Hajiyarmu, ƙwaya 51 ɗin da suka rage, a nailan lamba 6 na shirya ta. Ƙulle-ƙullen sun cike kusan duk gurbin bakwai ɗin da yashi ya ci, har da ta gan ta a wuyana ranar sallar layya ba ta lura an rasa komai ba, sai da na gaya mata.